Modu da Kifin Roba

Shekara bakwai Modu ya yi bai taɓa kifi mai rai da hannunsa ba. A Doron Baga aka haife shi, a bakin Tafkin Chadi, kuma tun yana ɗan shekara goma yake cikin jirgi. Kafin tashin hankali yana da jirage biyu, da taruna, da mamari mai ƙugiya fiye da dubu, da wurin banda nasa na kansa a bayan gida. Ranar da aka shigo garin da bindigogi, shi da matarsa Kubra suka fito da kayan jikinsu kawai. Suka tsallako Nijar, suka zauna Bosso, daga nan Tumur, daga ƙarshe motar agaji ta sauke su a sansanin Sayam Forage. Can babu kogi babu tafki, sai rairayi da ƙaya da layin famfo.

Da damina ta ja baya a shekarar nan, wani ɗan garinsu ya yi masa hanyar aiki a Diffa, a gonar tattasan Alhaji Alkali da ke bakin kogin Komadugu. Alhaji ba ya shari'a, sunan kakansa ne ya gada. Manomi ne, dattijo dogo marar yawan magana, kuma in ya faɗi abu ba ya maimaitawa. Ya ba su ɗakin zana a bayan gidansa, Kubra tana taya uwargidan, Ya Fanna, aikin gida.

"Na ji an ce kai masunci ne," in ji Alhaji a ranar farko. "To nan ba su ka zo ba. Inji ka zo tsaro. In yana aiki, kana gindinsa. Ka ji?"

"Na ji, Alhaji."

Aikin ba shi da wuya. Da sassafe ya tayar da injin ban-ruwa, ya duba bakin tiyon da ke cikin kogi kada ya zuƙi yashi, ya buɗe wa wannan fangali ruwa ya toshe wancan. Kafin la'asar kowa ya bar bakin kogi ya koma gari, don tsallaken can Najeriya ce, kuma ba a san wanda ke cikin duhuwar ba. Abin da ke da wuya shi ne zaman. Ruwa na wucewa a gabansa yini guda. In wani abu ya motsa a ƙarƙashin ciyawa, ya san ko tarwaɗa ce ko karfasa tun bai ga bayanta ba. Sai ya kawar da kai ya dubi inji. Ko ƙugiya ɗaya bai saya ba. Yana ganin wanda ya taɓa mallakar jirage biyu bai kamata a gan shi tsugune da zare a hannu yana jiran ɗan kifin miya ba.

Wata Asabar sai ga ɗan Alhaji, Muhsinu, ya zo gonar a mota. Magidanci ne ɗan shekara talatin da ɗoriya, yana aiki a wani biro, wato ofis, a cikin gari. An taɓa tura shi kwas na wata uku a wata ƙasa ta bakin teku, daga can ya dawo da sandar fatsa baƙa siririya mai ɗan injin naɗe zare, da wani akwati mai ɗakuna ɗakuna. Ya gaida Modu, ya gangara bakin ruwa. Ya jefa, ya naɗe da sauri, ya sake jefawa. Haka ya yi har azahar, ya koma mota hannu rabbana. Asabar ta gaba ma haka.

A ta uku ne ya ɗago murya, ya kira shi yadda ake kiran dattijo da Barbarci.

"Ba Modu! An ce kai ka san ruwa. Wai kifi ya ƙare ne a kogin nan?"

"Kifi na nan."

"To mi ya hana shi ci?"

Modu ya dubi inji. Taku talatin ne tsakaninsa da inda Muhsinu yake, kuma ana jin ƙararsa sarai. Ya gangaro. Muhsinu ya buɗe masa akwatin. Cike yake da ƙananan kifaye masu tsawon yatsa, wasu rawaya, wasu tsanwa, wasu ruwan toka, har da idanu. Modu ya ɗauki ɗaya. Laushi gare shi kamar tsoka, wutsiyarsa tana rawa da kanta. Ya kai hanci, ya ji warin sabon silifa.

"Wannan shi ne koton?"

"Shi ne."

"Ba tana, ba hanjin kaza, ko ɗan sabulu babu?"

"Roba ce zalla."

Modu ya yi dariya har da tari. Ya daɗe bai yi irinta ba. Muhsinu ya ɓata rai, ya zaro waya daga aljihu, ya ce, "Kalli nan kafin ka yi mini dariya."

Bidiyon wani Bature ne a cikin jirgi, yana magana ba ƙaƙƙautawa cikin yaren da Modu bai ji. Ya jefa irin wannan robar, can sai ga shi ya jawo wani kifi mai faffaɗan kai, launinsa launin yashi. Modu ya ce a maido. Aka maido sau uku. Bai kula da bakin Baturen ba, zaren yake kallo.

"Malam Muhsinu, ba haka kake yi ba," ya ce. "Dubi. Ya jefa, ya tsaya. Sai zaren ya saki, ka ga robar ta kai ƙasa ke nan. Ya ɗaga sanda sau biyu, ya sake tsayawa. Kai kuwa gudu kake da ita a saman ruwa kamar an biyo ka. Kifin nan nasa, kwance yake a ƙasa yana jiran abin da zai faɗo. Irin halin ragon ruwa ne. Shi ma kansa faffaɗa, shi ma a kan yashi yake kwanciya."

"Akwai ragon ruwa a nan?"

"Kana tsaye a kansa tun safe."

Muhsinu ya miƙa masa sandar. Modu ya goge tafinsa a riga kafin ya karɓa. Ba ta da nauyi ko kaɗan, har ya ji tsoron kada ta karye. Jifan farko, zaren ya cukurkuɗe a bakin injin. Na biyu, robar ta faɗa cikin ciyawa a bayansa. Muhsinu ne yanzu yake dariya. Ya kama yatsan Modu ya ɗora a kan zare, ya nuna masa ɗan ƙarfen da ake buɗewa kafin a jefa, da lokacin da ake sakin yatsa. Kunya ta kama Modu. Shekara arba'in yana su, ga shi yau ana riƙe masa yatsa. Amma bai mayar da sandar ba.

A jifa na biyar robar ta tafi inda ya nufa. Da ya jawo ta kusa, ya lura tana juyawa a cikin ruwa kamar farfela. Ya ɗago ta ya duba. Ƙugiyar tana da ɗan kai na dalma, kuma Muhsinu ya soka ta a karkace, robar ta lanƙwashe.

"Babu kifin da ke tafiya haka," in ji Modu. Ya zare ta a hankali, ya gwada tsawon ƙugiyar a jikin robar ya sa farce a inda ya kamata tsinin ya fito, sannan ya soka daga baki, tsakiya sak, ya ɓullo ta baya. Ya sake ta a ruwa marar zurfi a gaban ƙafarsa, ya ɗan girgiza sanda. Robar ta zabura, ta yi ƙasa a hankali wutsiya na kaɗawa, ta kwanta a kan yashi. Sak ƙaramin kifin nan ƙawara in ta ji ciwo. Tsikar jikinsa ta tashi.

Ya ja Muhsinu gaba kaɗan, inda wata ƴar korama ke maido ruwan fadama cikin kogi, don ruwa ya fara janyewa. A nan yashi ya yi tudu sannan ya faɗa zurfi. Ya ce duk ƙananan kifin da suka shiga fadama da ambaliya ta nan suke fitowa, manya kuwa suna kwance a gindin tudun suna jira. Ya jefa sama da bakin koramar, ya bari ruwa ya kawo robar. Zare ya saki. Ya ɗaga sau biyu. Ya tsaya. A karo na uku, tana cikin nutsewa, zaren ya yi wani ɗan tsalle. Hannunsa ya fizga tun kansa bai ba da umarni ba.

Ragon ruwa ne, bai fi tsawon kamu ɗaya ba. Modu ya durƙusa ya kama shi ta bayan ƙayoyin gefe yadda ya saba. Santsin jikinsa, sanyinsa, yadda yake murɗawa a tafin hannu, duk suna nan yadda ya bar su. 

"Kawo, kawo!" in ji Muhsinu. Ya karɓi kifin da sandar, ya ba Modu wayar, ya nuna masa inda zai danna. Bayan hoto ya sa kifin a buhu ya jefa a mota.

Da yamma Modu na shiga ɗaki Kubra ta ɗago kai daga tsintar shinkafa.

"Kifi ka taɓa."

"Na wanke hannu."

"Shekara talatin ina kwana da ƙarnin nan, ni za ka gaya wa ka wanke hannu?"

Ya ba ta labari. Ya tashi tsaye yana nuna mata yadda ake ɗaga sanda, har ya bugi rufin zana. Ta bar shi ya gama.

"Malam, Alhaji ya sani?"

"Ɗansa ne ya kira ni."

"Ba shi na tambaya ba."

Ya zauna ya jawo kwanon tuwo. Ita kuwa ba ta ƙara ba, don ta ga ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Daga nan Asabar ta zama ranar da Modu ke jira. Ya gano in ruwa ya gurɓace rawaya ce ke ci, in ya kwanta sai ruwan toka. Ya gano inda igiyar ruwa ke da ƙarfi sai an sa kai mai nauyi, in ba haka ba robar ba ta kai ƙasa. In kifi ya yaga wutsiyar wata, ya ɗumama wuƙa a jikin inji ya liƙe ta. Muhsinu ya fara zuwa da abokansa biyu na biro, Abdullatif da Jibril. Modu ne ke nuna wuri. Sau da yawa shi ke jefawa, in kifi ya kama ya miƙa wa mai sanda ya ƙarasa. Yana jin Muhsinu yana yi wa abokan bayani da Faransanci, yana nuna tudun yashi da bakin korama, yana ɗaga hannu sau biyu yana tsayawa. Bai jin yaren, amma ya san maganarsa ce. Abokan suka sa wa Muhsinu suna Sarkin Ruwa. In kamun ya yi yawa akan bar wa Modu ƙarami ɗaya.

Wata rana Muhsinu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ba Modu, na aika a kawo mini sabuwar sanda daga Yamai. Tana zuwa, wannan taka ce."

Modu bai gaya wa Kubra ba, amma ya gyara wuri a jikin zana inda zai rataye ta. Bayan sati uku sabuwar ta iso. Ranar Asabar Abdullatif ya fito daga mota riƙe da tsohuwar, yana cewa Sarkin Ruwa ya yi masa kyauta. Muhsinu bai dubi inda Modu yake ba. Watakila ma ya manta. Modu ya karɓi sandar daga hannun Abdullatif, ya soka masa roba, ya mayar masa.

Ƙarshen Disamba ruwa ya shiga janyewa da sauri. Kowace safiya sai Modu ya ƙara tura bakin tiyo gaba. Koramar ta ƙafe, kifi ya daina ci a kusa da gonar. Asabar biyu ba a kama komai ba. Muhsinu ya dame shi da tambaya, har Modu ya ce manyan sun gangara kwanar da ke ƙasa, inda kogi ya karya ya haƙa gurbi a gindin wata tsamiya. Yana rufe baki ya yi da-na-sani. Kwanar tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa, kuma daga can ba a jin inji.

Asabar ta gaba Muhsinu ya zo shi da baƙo ɗaya, wani mai tumbi da farar hula, ba ɗan yankin ba. Ya ja Modu gefe.

"Daraktanmu ne. Na daɗe ina ba shi labari. Yau sai ka kai mu kwanar nan."

"Ga hanya nan, ku bi gaɓa. Za ku ga tsamiyar."

"In mun gan ta mu yi yaya? Kai ka san inda ake jefawa."

"Alhaji ya ce in inji na aiki, ina gindinsa."

"Ba Modu, injin na babana ne, gonar ta babana ce. In ya yi magana ni zan amsa."

"To bari in kashe shi."

"A'a! Jiya da bakinsa ya ce fangalin yamma su sha yau ko ta halin ƙaƙa, tattasai ya fara nuna. Kuma ka san wahalar da ake sha kafin a samu man esans, ba a tayarwa a kashe a banza. Rabin awa ne kawai. Kada ka ba ni kunya a gaban mutumin nan."

Modu ya shiga ruwa har gwiwa, ya tura bakin tiyon iya inda ya kai, ya danne shi da dutse. Ya tsaya ya saurari injin. Lafiya lau yake bugawa. Ya bi su.

A kwanar ruwan baƙi ne, shiru, yana juyawa a hankali. Darakta bai iya jifa ba. Sau biyu yana maƙale robar a reshen tsamiya, yana dariya yana share gumi. Muhsinu ya gwada, bai samu ba. Rabin awa ta wuce, wata ta bi bayanta. Modu ya ce shi zai koma. Muhsinu ya tura masa sabuwar sandar a hannu.

"Jifa ɗaya. Ka nuna masa kawai."

Modu ya zaɓi roba mafi girma a akwatin, ruwan toka, ya sa mata kai mai nauyi. Ya jefa can gefen da saiwar tsamiya ta shiga ruwa. Ta daɗe tana nutsewa. Zare ya saki. Ya ɗaga sau ɗaya a hankali, ya sake. Ba ta kai ƙasa ba zaren ya miƙe, sanda ta lanƙwashe har kanta ya kusa taɓa ruwa, ɗan injin ya shiga kuka yana sakin zare.

Muhsinu ya kawo hannu. "Miƙa wa Darakta! Bar shi ya ja!"

"Bari!" in ji Modu.

Tun da ya tsallako Nijar bai ɗaga wa kowa murya haka ba. Muhsinu ya ja da baya. Kifin ya nufi saiwa, Modu ya kwantar da sanda gefe ya juyo da kansa. Kifin ya yi ƙasa, Modu ya bar shi. Da ya tsaya, Modu ya jawo kamu biyu. Ya bi gaɓa yana tafe yana magana da Barbarci ƙasa ƙasa, yana kiran kifin da sunayen da ubansa ke kiransu a tafki. Bai san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. Da kifin ya gaji ya taso, sai ga faffaɗan kai da dogayen gashin baki, baya baƙi mai sheƙi. Modu ya shiga ruwa har ƙugu, ya zura hannu ta ƙarƙashin kunnen kifin, ya ɗago shi ya rungume a ƙirji. Tsawonsa ya kai ƙafar mutum. Darakta yana tafi yana ihu. Modu na dariya, ruwa na zuba daga gemunsa, bai san ko na kogi ne ko na idonsa ba.

Aka yi hotuna, Darakta da kifi, Muhsinu da kifi, su biyu da kifi. Sai da Modu ya ɗaga kai ya ga rana ta wuce tsaka, sannan ya tuna da inji.

Ya riga su yin gaba, yana sauri yana kasa kunne. Ya wuce inda ya kamata a fara jin bugun inji, bai ji komai ba. Wari ne ya fara tarbarsa, na ƙonannen mai da roba. Gaɓar da ya danne tiyon ta zabtare, bakin tiyon ya cika da yashi, injin ya yi ta bugawa ba ruwa har ya ƙone. Fangalin yamma a bushe. Alhaji Alkali na tsaye a gefen injin, hannuwansa a baya.

Bai yi magana ba sai da Muhsinu da baƙon suka iso, Muhsinu na saɓe da kifin a kafaɗa.

"Modu, ina ka je?"

Modu ya dubi Muhsinu.

"Baba," in ji Muhsinu, "mu dai tambayarsa muka yi inda kifi yake. Ni na ɗauka ya kashe injin kafin ya biyo mu."

"Malam Muhsinu," in ji Modu, "ka ce in..."

Amma Muhsinu ya riga ya juya yana yi wa Darakta wani bayani da Faransanci, yana nuna masa hanyar mota. Alhaji ya bi ɗansa da kallo, ya daɗe yana kallonsa. Modu ya ga fuskar dattijon, ya san ya gane komai. Ya kuma san ba zai tozarta ɗansa a gaban baƙo saboda ɗan gudun hijira ba.

"Da kai na yi magana ranar da ka zo," in ji Alhaji a hankali. "Ba da shi ba. Haka ne ko ba haka ba?"

"Haka ne, Alhaji."

"To. Kwana uku ya ishe ku ku kwashe kayanku."

Abin da ya fi ci wa Modu rai a hanyarsa ta komawa gari, a ƙafa, rigarsa na bushewa a jikinsa, shi ne babu ƙarya a maganar Alhaji.

Kubra ba ta yi kuka ba. Ta yafa mayafi ta shiga wurin Ya Fanna. Gidan duk ya gume da ƙamshin suyar kifi, don Darakta zai ci abincin yamma a nan. Ya Fanna ta saurare ta, ta ce wallahi ta ji ba daɗi, amma Kubra ta san halin Alhaji. Sannan ta zuba mata romo a kwano, da kan kifin a ciki, ta rufe da faifai.

Kubra ta ajiye kwanon a gaban mijinta ta buɗe. Ya dubi kan, ya ga inda ƙugiya ta huda gefen baki. Ya ture kwanon.

"Ba za ka ci ba?"

"A'a."

"Ni zan ci," ta ce. Ta jawo kwanon gabanta. "Wata huɗu ina wanke-wanken gidan nan ina share tsakar gida, ina murna mun samu ɗakin da ba na leda ba. Ka sayar da shi da wannan. To bari in ji ɗanɗanon abin da ka saya mana."

Ta ci a gabansa, a hankali, har ta tsotse ƙasusuwan. Bai hana ta ba, bai kuma tashi ba.

Ya zaga gonaki biyu uku neman wani aikin, amma labari ya riga shi isa: masuncin nan da ya bar inji ya ƙone ya tafi kamun kifi. Rana ta uku suka ɗaure tabarma da tukwane suka hau motar Sayam. Muhsinu bai leƙo ba. An ce ya yi tafiya garin Maine.

A sansanin sun tarar an ba wasu sababbin zuwa wurinsu na da, sai suka raɓa a gefen wani maƙwabci. Modu ya shiga yanko ciyawa daga daji yana saƙar zana yana kaiwa kasuwa. In aka tambaye shi yaya Diffa, ya ce aiki ne ya ƙare.

Wata rana da hantsi, cikin watan Fabrairu, yana zaune yana saƙa, Kubra na gefe tana gyaran wake, ƴar wayarsa ta yi ƙara.

"Ba Modu! Muhsinu ne. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali?"

"Lafiya lau."

"Madalla. Ka ga, Ba Modu, kogin nan ya yanke, ya koma gurbi gurbi. Ruwan ya yi garau, har kana ganin kifin a kwance, amma ko kallon robar ba sa yi. Asabar uku ke nan. Abokaina har sun fara yi mini tsiya. Wace kala zan sa?"

Modu ya ajiye zanan da ke hannunsa. Ya yi niyyar kashe wayar. Ya yi niyyar ya ce bai sani ba. Amma tun da ya dawo babu wanda ya tambaye shi komai game da kifi, kuma amsar ta riga ta hau kan harshensa.

"Ba kala ba ce kawai," ya ji kansa yana cewa. "Ganinku suke yi. Ka je tun rana ba ta fito sosai ba. Kada ka tsaya a bakin ruwa, ka ja baya taku biyar, kada inuwarka ta faɗa ciki. Ka sa mafi ƙanƙanta, ruwan toka, da kai marar nauyi. In ta kai ƙasa ka bar ta ta daɗe. Ka ƙirga goma kafin ka motsa ta."

"Goma. Ruwan toka. Bon, na gane. Allah ya saka da alheri, Ba Modu, sai na kira ka."

Wayar ta mutu. Modu ya riƙe ta a hannu yana kallo.

"Ɗan Alhaji ne?" in ji Kubra, ba ta ɗago kai daga faifan ba.

"Shi ne."

"Ka faɗa masa ke nan."

"Na faɗa."

Ta hure ƙaiƙayin waken, ta tsince wani ɗan dutse ta yar.

"Ya tambayi inda muke?"

"Bai tambaya ba."

Modu ya sa wayar a aljihu, ya jawo damin ciyawa kusa, ya ci gaba da saƙa.